Yadda Fam 3,000 Suka Koma Kyautar Kifi

Manyanmu a Ikara, Makarfi da Kudan da suka yi makaranta za su tuna da Jiki Magayi, littafin da John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da Rupert East a shekarun 1930, inda attajiri Malam Shehu ya raba Abubakar da Zainabu. A can namiji ne mai dukiyar. Yau kuwa mace za mu duba, a wani littafin Ingila mai suna Sense and Sensibility, wanda Jane Austen ta fitar a 1811.

Wani dattijo yana bakin mutuwa ya kira ɗansa John Dashwood, ya damƙa masa amanar matar ubansa da ƙannensa mata uku, 'yan uba. Gida da gonaki duk a hannun John za su faɗa. Ya yi alkawari, har ya ƙudurta zai ba kowace yarinya fam 1,000.

Sai matarsa Fanny ta ji labari. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zagi kowa ba. Ta dai tambaye shi yadda zai cuci ɗansu ƙarami saboda yaran da ba uwarsu ɗaya ba. John ya rage kuɗin zuwa rabi. Ta nuna masa rabin ma ya yi yawa. Ya ce to, bari ya riƙa ba gwauruwar fam 100 kowace shekara. Fanny ta tuna masa cewa matar lafiyarta ƙalau, tana iya daɗewa a duniya, biyan ya ƙi ƙarewa. Jama'a, ku ji fa: tsawon ran surukarta ne ya zama mata abin tsoro! Kafin su tashi daga hirar, amana ta koma taimakon kwashe kaya ranar ƙaura da ɗan kifi ko naman farauta in an samu. John kuwa ya tashi yana ganin ya cika alkawarin ubansa.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne, kowace hujjar Fanny tana kama da hankali. Mun saba jin irinta bayan an watse daga zaman makoki, sa'ad da aka zo maganar gonar rake ko fadamar tumatir: "Ai mata ne, aure za su yi." "Ai ba cikinmu ɗaya ba." Ba wanda ya kori gwauruwa da sanda. Ana dai ta ragewa har ta ɗaure kayanta da kanta, 'yan Zumuntar Mata su yi mata karo-karon hatsi.

Fanny ba a ƙasa ta tsinci halin ba. Uwarta, Misis Ferrars, ta so ɗanta Edward ya auri wata mai fam 30,000. Da ta ji ya riga ya yi wa Lucy Steele, yarinya marar ko kwabo, alkawarin aure kuma ya ƙi warwarewa, sai ta cire shi daga gādo ta mallaka wa ƙanensa Robert. Lucy ta lura da inda dukiyar ta koma, ta bar Edward ta auri Robert. Ba a jima ba ta zama 'yar lelen tsohuwar, domin ta iya fadanci. Edward ya zama limamin ikilisiya a ƙauye, ya auri Elinor, babbar cikin marayun nan uku.

Jane Austen ta san abin a jikinta. Ubanta limamin ikilisiya ne. Da ya rasu a 1805, ita da uwarta da yayarta suka dogara ga abin da 'yan'uwanta maza ke haɗawa, suna ƙaura daga wannan gida zuwa wancan. Sai a 1809 wanta mai arziki ya ba su ɗan gida a ƙauyen Chawton, kuma a wannan gidan ne ta gyara littafin ta aika ɗab'i.