Hawa nawa aka yi? Yadda ake zaɓen ma'aunin tudu na keke

Abokan aiki biyu za su iya tashi daga Jabi da safiyar Asabar, su ratsa Maitama, su haura Katampe, su dawo tare ba wanda ya rabu da ɗan'uwansa, amma idan suka duba na'urorinsu sai alkaluman su saɓa. A ce wayar ɗaya ta nuna ya hau mita 520, ƙaramar kwamfutar da ke kan keken ɗayan kuma ta nuna 410. Hanya ɗaya ce, gumi ɗaya ne, bambancin yana cikin yadda kowace na'ura ke auna tsayi.

Ga ma'aikacin da ke wuni a kujera daga Litinin zuwa Juma'a, wanda ya rungumi keke don ya rage teɓa ko don bin shawarar likita, wannan lissafi yana da muhimmanci. Kilomita kaɗai ba ta bayyana wahalar tafiya. Kilomita 30 a shimfiɗaɗɗen titi daban take da kilomita 30 a tuddan Mpape. Jimillar hawa, wato duk mitocin da aka haura idan an tara su, ita ke nuna aikin da ƙafa da zuciya suka yi. Tun da yawancin na'urorin daga waje ake shigo da su, kuma farashinsu yana bin dala, kuskuren saye yana da ciwo ga mai jiran albashin ƙarshen wata.

Hanyoyi biyu ake bi wajen auna tsayi. Ta farko ita ce GPS, wadda ke dogara da taurarin ɗan'adam da ke shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200 daga ƙasa. GPS ta ƙware wajen nuna inda mutum yake a taswira, sai dai rauninta yana wajen tsayi, domin duk taurarin da take gani a sama suke, babu ko ɗaya a ƙarƙashi da zai daidaita lissafin. Shi ya sa kuskurenta na tsayi yakan kai kusan ninki biyu na kuskurenta na wuri. Alkaluman sukan riƙa tsalle sama da ƙasa ko da a kan hanya miƙaƙƙiya, na'urar kuma tana iya ƙirga kowane tsalle a matsayin hawa. Cikin awa uku, waɗannan ƙananan kurakurai sukan taru su zama tudun da ba a taɓa hawa ba.

Hanya ta biyu ita ce barometa, wato ma'aunin matsin iska. Duk sa'ad da mutum ya ƙara sama, iskar da ke kansa tana raguwa: a tsayi irin na Abuja, hawan mita 8 zuwa 9 yana rage matsin da kusan miliba ɗaya. Barometa tana jin canjin da bai kai mita ɗaya ba, saboda haka ta fi dacewa da tara hawa da nuna tsananin tudu, kamar kashi 8 cikin 100, ma'ana hawan mita 8 a kowace tafiyar mita 100.

Ita ma tana da nata lahani. Ba ta iya bambance hawan tudu da sauyin yanayi. Idan hadari ya taso a damina, matsin iska yakan canza, sai ta nuna an hau ko an sauka alhali keke yana jingine. A ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya kamar Nijeriya, matsin yana hawa da sauka sau biyu kullum: yakan kai ƙololuwa wajen ƙarfe 10 na safe, ya faɗi zuwa ƙarfe 4 na yamma da miliba biyu zuwa uku ko fiye. Wannan kaɗai ya isa ya karkatar da awo da kimanin mita 20. Duk da haka, karkacewar a hankali take zuwa, kuma ba ta kai ɓarnar tsalle-tsallen GPS ba.

Saboda haka tambayar farko ga mai saye ita ce ko na'urar tana da barometa. Garmin Edge 130 Plus da Edge 530 da 540 suna da ita, haka ma Wahoo ELEMNT Bolt. Tsohuwar Edge 25 ba ta da ita. A cikin na'urori masu rahusa na kamfanoni irin su iGPSPORT da Magene akwai masu ita, akwai marasa ita, don haka sai an karanta bayanin samfurin a tsanake. Wayoyin iPhone sun fara zuwa da barometa tun daga iPhone 6 a 2014, amma wayoyin Android masu sauƙin kuɗi da dama ba su da ita. Idan manhajar Strava ta karɓi tafiya daga na'urar da ba ta da barometa, takan maye gurbin tsayin da bayanan taswirarta, abin da ke rage kuskure ga wanda bai shirya kashe kuɗi ba tukuna.

Bayan barometa, sai a duba ƙarfin batir, da allon da ake iya karantawa cikin rana, da alamar IPX7 da ke nuna na'urar za ta jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30. Mai sayen ta hannu ya gwada ta a matakalar bene: idan ya haura hawa uku alkaluman ba su motsa da kimanin mita 10 ba, akwai matsala.

Kula ma tana da nata rabo. Iska tana shiga barometa ne ta wasu ƙananan huji a jikin na'urar, waɗanda ƙurar hunturu da gumi da taɓo kan toshe. Ana wanke su da ruwa mai tsabta, ba a zura musu allura. Na'urar da ta fito daga sanyin mota ko ɗaki tana buƙatar 'yan mintuna a waje kafin a fara tafiya, kuma yana da kyau a saita mata tsayin ƙofar gida don ta riƙa farawa daga wuri sananne.

Masu gasar Everesting, waɗanda ke maimaita tudu guda har sai sun tara mita 8,848 na tsaunin Everest a zama ɗaya, su ne suka fi buƙatar awo mai tsauri. Ma'aikacin da ke fita Asabar da Lahadi buƙatarsa ta fi sauƙi: na'ura guda da za ta ba shi kusan adadi ɗaya duk lokacin da ya bi hanya ɗaya. Da wannan ne zai gane ko hawan Katampe da ya sa shi haki a watan Janairu ya fara yi masa sauƙi a watan Yuni.