Ƙwallon Ƙafa a Makarantu: Tarihinsa da Wasannin da Ba a Mantawa da Su

Gabatarwa

Duk wanda ya bi ta hanyar Gaskiya a Tudun Wadan Zariya da la'asar sakaliya, ba zai rasa ganin samari suna ta da ƙura a bayan tamaula ba. Galibinsu sun san sunayen 'yan wasan Turai fiye da sunayen kakanninsu, amma kaɗan ne suka san cewa wannan wasa a makaranta aka haife shi, a makaranta kuma ya yi wayo. Manufar wannan maƙala ita ce a bi sawun ƙwallon ƙafa daga kwalejojin Ingila zuwa na Zariya, a kuma tuna da wasu wasanni da ɗalibai suka buga waɗanda suka shiga tarihi.

Asalin Wasan

Tun da daɗewa mutanen Ingila suke buga ƙwallo, sai dai kowace makaranta da irin dokokinta. Wasu sun yarda a ɗauki ƙwallo da hannu a ruga da ita, wasu kuwa sun hana. Da ɗaliban waɗannan makarantu suka haɗu a Jami'ar Kambirij, sai wasa ya gagara, domin kowa na jan nasa. Wannan ya sa a shekarar 1848 suka zauna suka rubuta dokokin da kowa zai bi. Irin waɗannan dokoki na ɗalibai suna cikin abin da aka duba a shekarar 1863, lokacin da aka kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila a birnin Landan.

A Amurka ma haka abin yake. Ranar 6 ga Nuwamba, 1869, ɗaliban Rutgers suka kara da na Princeton, kowane ɓangare da 'yan wasa 25, Rutgers ta yi nasara da ci 6 da 4. Wannan shi ne wasan ƙwallo na farko tsakanin kwalejoji biyu a ƙasar. Daga baya dokokinsu suka sauya, har ya zama wani wasa dabam wanda ake rungumar ƙwallo ana ture-ture. Amma bai bar hannun jami'o'i ba, har ma filin wasan Jami'ar Michigan yana ɗaukar 'yan kallo fiye da 100,000.

Shigowarsa Nijeriya

Wasan farko da aka rubuta labarinsa a ƙasar nan, shi ma na 'yan makaranta ne. A watan Yuni na shekarar 1904, makarantar Hope Waddell ta Kalaba ta kara da ma'aikatan wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila mai suna Thistle. Makarantar ce ta yi galaba da ci 3 da 2. Daga bakin teku wasan ya yi ta haurowa Arewa, yana bin makarantu da barikokin soja da kuma hanyar jirgin ƙasa.

Barewa da Filayenta

An kafa Kwalejin Katsina a shekarar 1921 domin horar da malamai. Turawan da suka koyar a cikinta sun ɗauki wasanni a matsayin wani ɓangare na tarbiyya, saboda haka bayan darasi sai fili. Ban da ƙwallon ƙafa, akwai kurket, da wani wasa da ake dukan 'yar ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, wanda Turawa ke kira Fives. Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, a nan ya ƙware da wannan wasa na bango, bai kuma daina buga shi ba har bayan ya zama Firimiya.

A shekarar 1938 aka mayar da kwalejin Kaduna, a 1949 kuma ta tare a Zariya, inda take har yanzu a kan hanyar Gaskiya. A shekarar 1971 ne aka raɗa mata sunan Barewa. Ɗaya daga cikin ɗalibanta na Zariya, wani yaro da ya tashi a Wusasa, shi ne mai tsaron gida na ƙungiyar makarantar, kuma gwanin dambe da gudun dogon zango. Wannan yaro shi ne Yakubu Gowon, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1966 zuwa 1975. Ashe ke nan tsaron raga bai hana karatu ba.

Jami'ar Ahmadu Bello

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ranar 4 ga Oktoba, 1962, da babbar haraba a Samaru da kuma ta Kongo a maƙwabtan Tudun Wada. Shekara huɗu bayan haka, wato a 1966, aka yi gasar wasannin jami'o'in Nijeriya ta farko a Ibadan, wadda aka fi sani da NUGA. A lokacin jami'o'i biyar ne kacal a ƙasar, kuma ta Zariya ce kaɗai a Arewa, don haka 'yan wasanta su ne wakilan yankin baki ɗaya. Jami'ar ta karɓi baƙuncin wannan gasa fiye da sau ɗaya, ciki har da ta shekarar 2001.

A shekarar 2018 aka ƙirƙiro wata gasa ta ƙwallon ƙafa zalla tsakanin manyan makarantu, mai suna HiFL. Jami'ar Aikin Gona ta Makurɗi ce ta ɗauki kofin farko, a 2021 kuma Jami'ar Maiduguri ta kawo shi Arewa maso Gabas.

Ranar da Ɗalibai Suka Fitar da Ƙasa Kunya

A shekarun 1960 Ghana ce gagarabadau a ƙwallon Afirka, domin ta ci kofin nahiyar a 1963 da 1965. Ana cikin haka, a shekarar 1966, aka tsamo zaratan ɗalibai daga makarantun sakandare na Nijeriya, aka kira ƙungiyar Academicals, aka tura su Akara. Yaran nan suka doke takwarorinsu na Ghana a gabansu, suka kuma sake doke su a Legas. Cikinsu akwai Sam Garba Okoye da Isma'ila Mabo, dukansu daga Jos. Mabo ne daga baya ya horar da ƙungiyar mata ta ƙasa, ya kai ta zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe a gasar kofin duniya ta 1999.

Haka kuma ranar 22 ga Maris, 1980, da Nijeriya ta lallasa Aljeriya da ci 3 da nema ta ɗauki kofin Afirka karo na farko, Segun Odegbami ne ya zura ƙwallo biyu. Shi kuwa injiniya ne da ya yi karatu a Kwalejin Fasaha ta Ibadan. Abokin wasansa Adokiye Amiesimaka lauya ya karanta a Jami'ar Legas.

Abin da Kimiyya Ta Ce

Me ya sa makaranta ta fi dacewa da renon ɗan wasa? Ƙwararren ɗan ƙwallo yakan yi tafiyar kimanin kilomita 10 a cikin minti 90. Zuciya da huhun da za su jure wannan ba a dare ɗaya ake gina su ba, sai da atisaye na yau da gobe, da abinci mai gina jiki, da isasshen barci. Tsarin makaranta na lokacin karatu da na wasa da na hutu shi ne ke samar da wannan. Hausawa kuwa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Bugu da ƙari, fili kansa ɗakin gwaji ne. Alal misali, idan ɗan wasa ya daki ƙwallo a gefenta, sai ta tafi tana juyawa. Juyawar tana karkatar da iskar da ke wucewa ta jikinta zuwa ɓangare ɗaya, iskar kuma ta tura ƙwallon zuwa ɗaya ɓangaren. Shi ya sa bugun kusurwa ke lanƙwasa ya faɗa raga. Wani masani Bajamushe mai suna Magnus ne ya yi bayanin wannan a shekarar 1852. Malamin kimiyya da ya fita da ɗalibansa fili zai koyar da wannan darasi cikin sauƙi.

Kammalawa

Mun ga cewa daga Kambirij zuwa Kalaba, daga Katsina zuwa Zariya, ɗalibai ne suka ɗauki nauyin wannan wasa. Saboda haka duk makarantar da ta bari aka yanka filinta aka yi shaguna, ko ta soke lokacin wasanni, to ta datse wata jijiya ta tarbiyya. Muna kira ga shugabannin makarantu da su kare filayensu, su kuma raya gasar gidaje da ta makarantu. Malaman wasanni su tanadi littafi su riƙa rubuta ranar kowane wasa da sunayen 'yan wasa da sakamako, domin da ba a rubuta wasan 1904 ba, da yau babu mai labarinsa. Ɗalibai kuwa su riƙe littafi da hannu biyu, su bar wa ƙafa tamaula, kamar yadda magabatansu suka yi.