Maganar "Ɗan Sikila Ba Ya Wuce Ashirin" Ta Isa Haka

A gidan biki, a gidan suna, har a kan bencin asibiti, ana jin mutum ya dubi yaro mai ciwon amosanin jini, ya rage murya, ya ce wa uwarsa, "Sai haƙuri, irinsu ai ba sa wuce ashirin." Yaron kuwa yana zaune yana ji. Maganar nan ƙarya ce, kuma raunin da take yi wa zuciyar mai sikila ya fi ciwon ƙashin daɗewa.

Ciwon dai gado ne daga uwa da uba. Ƙwayar jini kan lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon 120. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana da rukunin AS, kuma an ƙiyasta ana haihuwar jarirai 150,000 da cutar duk shekara. Amma babu likitan da ya yanka wa mai ita wa'adi. A Ingila da Amurka fiye da kashi 90 cikin ɗari na yaran suna kai ga girma. A Legas, Alhaja Asiata Onikoyi-Laguda ta rayu da sikila har shekara 94, ta rasu a 2020.

Wani zai ce ai da hannunmu muka binne su da yawa. Gaskiya ne. Sai dai mafi yawan wannan rashi yana faruwa ne kafin shekara biyar, sanadin zazzaɓin cizon sauro, ciwon huhu da ƙarancin jinin da aka makara wajen kaiwa asibiti. Duk waɗannan suna da rigakafi ko magani. Sakacinmu da talaucinmu muka tattara muka kira shi wa'adi.

Duba yadda maganar ke cin mutum sannu a hankali. Yana ƙarami a hana shi ƙwallo da aike, wani uban ma ya ja ƙafa wajen kuɗin makaranta, don me za a kashe dukiya a kan wanda zai tafi? Ya kai shekara goma sha biyar tsaransa sun balaga shi yana nan tsamurmur, ido ya yi ɗorawa, wataƙila da gyambo a idon sawu da yake ɓoyewa da safa ko da zafi ake yi. 'Yan aji su sa masa suna. Daga nan ya fara ƙirga shekarunsa a ɓoye. In ya haye ashirin ɗin, sai ya tarar ba sana'a, ba takarda, domin babu wanda ya shirya masa gobe. Ya je neman aure a ce "mai lalura ne", ba a ko tambayi rukunin jinin yarinyar ba, alhali idan AA ce ba za su haifi mai sikila ba. Ciwo ya tashi cikin dare, yana murƙususu yana roƙon allura, a ce ya zama ɗan ƙwaya. Wanda aka yi wa haka shekara da shekaru, yaya ba zai ɗauki kansa a matsayin kaya a wuyan mutane ba?

Iyaye kan ce tausayi ne ya sa suke lallaɓa shi. Ba a musun soyayyarsu, amma tausayin da ke hana yaro ɗaukar ko buta yana gaya masa kullum cewa ba shi da amfani. Mafi ban takaici su ne masu cewa baƙin cikinsa ƙarancin tawakkali ne. Ciwon damuwa cuta ce da ta fi yawa ga masu doguwar jinya, kuma tana ƙara wa raɗaɗi ƙarfi. Tsadar magani da yawan fashin makaranta su ma suna da nasu kason a wannan damuwar.

Don haka a gyara baki tukuna: kada a yi zancen mutuwa a gabansa, kada a kira shi da sunan ciwonsa. A ba shi aikin gida daidai ƙarfinsa, a yi masa faɗa in ya yi laifi kamar sauran 'yan'uwansa. Ya sha ruwa sosai, ya kwana cikin gidan sauro, a rufe masa jiki lokacin hunturu, ya riƙe ranar ganin likita, a kuma tambayi likita ko maganin hydroxyurea ya dace da shi. A sanar da malaminsa don kada a yi masa bulala a kan fashi. A haɗa shi da manya masu sikila da suke aiki suke riƙe da iyali, ganinsu ya fi nasiha dubu. Idan ya daina cin abinci, barci ya ƙaurace masa, ya ƙi shiga mutane har mako biyu, ko ya fara cewa gara ya mutu kowa ya huta, a kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa ba tare da jin kunya ba. Akwai su a Dawanau, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato.

Mai karatu, in akwai mai sikila a gidanku, ka tambaye shi yau me yake so ya zama, sannan ka biya masa kuɗin jarrabawa.