Kwana a Ɗakin Ƙanƙara

A can ƙuryar arewacin ƙasar Suwidin, bayan an tsallake layin Arktik, inda rana kan yi makonni a watan Disamba ba ta leƙo ba, akwai wani ƙauye mai suna Jukkasjärvi a bakin kogin Torne, kusa da garin Kiruna. Tun daga 1989, lokacin da wani mutum da ake kira Yngve Bergqvist ya aza harsashin wannan al'amari, mutanen ƙauyen suke gina masauki da ƙanƙara zalla kowace shekara, wanda duniya ta sani da sunan Icehotel. A watan Maris, sa'ad da ƙanƙarar kogin ta kai matuƙar kaurinta, sukan yanko ta gunduwa-gunduwa, kowace ta kai nauyin tan 2, su adana har kaka, sannan su haɗa ta da dusar ƙanƙara su ta da bango da rufi da gadaje, masu sassaƙa daga ƙasashe daban-daban su ƙawata ɗakunan. Ana buɗewa a Disamba, zuwa Afrilu kuwa ginin ya soma narkewa, ruwansa ya koma kogin da aka ɗebo shi.

Tambayar da duk mai hankali zai fara yi ita ce, ta yaya ɗan Adam, wanda Allah ya halitta da jini mai ɗumi, zai kwanta a kan ƙanƙara ya wayi gari lafiya? Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne, bangon dusar ƙanƙara cike yake da iska a tsakanin ƙwayoyinsa, iskar da ba ta motsi kuwa ba ta saurin ɗaukar zafi ko sanyi ta kai wani wuri. Saboda haka ko da waje ya kai digiri 30 ƙasa da sifiri, cikin ɗakin yakan tsaya wajen digiri 5 ƙasa da sifiri, kuma babu iska mai kaɗawa. Wanda ya taɓa kwana a soron ƙasa mai kaurin bango cikin hunturu ya san irin wannan hikima.

Amma hakikanin al'amarin, wanda a ganina shi ne ilimin da ya fi cancanta mai karatu ya riƙe, shi ne cewa babu wani abu a ɗakin nan da yake ba mutum ɗumi illa jikinsa. Gadon ƙanƙara ne, an ɗora masa katako da katifa, an shimfiɗa fatun wata irin barewa da al'ummar Sami suke kiwo tun zamanin kakanninsu, wadda gashinta yake da rami a ciki mai riƙe iska. A kan wannan ake ba baƙo jakar barci mai kauri, wadda zai shiga ya zuge har wuya. Dukkan waɗannan aikinsu guda ne, wato tsare zafin da jiki ya riga ya samar kada ya tsere. Don haka wanda ya shiga jakar yana rawar ɗari zai daɗe bai ji daɗi ba, alhali wanda ya ci abinci ya ƙoshi, ya ɗan motsa jiki kafin ya kwanta, ba da jimawa ba jakar za ta ɗauki ɗuminsa.

Daga nan ne ake gane dalilin wata nasiha da ma'aikatan masaukin suke yi wa baƙi kafin dare, wadda takan ba mutum mamaki da farko: kada a jibga tufafi. Riga da wando na ulu masu kama jiki, da safa busasshiya, da hula mai rufe kunnuwa, sun wadatar. Wanda tsoro ya sa ya shiga da riguna bisa riguna zai yi gumi, gumin ya jiƙa tufafinsa, ruwa kuwa yana janye zafin jiki fiye da iska sau 20 da ɗoriya, sai ya farka tsakar dare cikin sanyin da shi ya jawo wa kansa. Auduga, duk da falalarta a ƙasashen zafi, a nan ba ta da amfani, domin tana shan gumi ta riƙe. Haka kuma ba a cusa fuska cikin jakar, komai sanyin da hanci yake ji, saboda tururin numfashi zai taru ya zama danshi. A ja igiyar wuyan jakar, a bar baki da hanci a waje. Giya ma, wadda wasu ke zaton tana ɗumama jiki, yaudara ce tsantsa, gama tana buɗe jijiyoyin fata zafi ya fita, mai shanta yana jin ɗumi alhali asara yake yi.

Bayan gida da wurin wanka da ma'ajiyar kaya duk suna wani gini mai ɗumi a gefe, saboda haka mai hikima yakan rage shan ruwa da dare, ya kama ruwa kafin ya kwanta, domin fita daga jakar da tsakar dare ba ƙaramar jarrabawa ba ce. Musulmin da ya je can, a wannan gini ya kamata ya yi alwalarsa da sallarsa, ya goge jikinsa ya bushe sarai kafin ya nufi ɗakinsa. Lissafin lokutan salla a inda rana ba ta fitowa kuwa mas'ala ce da malaman fikihu suka yi bayani a kanta, ya kyautu ya tambaya tun kafin ya tashi daga gida.

Da safe ma'aikaci yakan zo ya tashe baƙo da kofin ruwan wasu jajayen 'ya'yan itace na dajin ƙasar, da zafinsa, daga nan a wuce ɗakin tururi da suke kira sauna, sannan a karya kumallo. Tun 2016 an ƙara wani sashe da ake sanyaya shi da lantarkin hasken rana, wanda yake tsaye duk shekara har cikin bazara. Galibin baƙi dare guda suke yi a ɗakin ƙanƙara, sauran kwanakinsu kuma su kama ɗaki mai ɗumi a harabar masaukin.