Baƙon kifin da bai kamata ya shiga tafkin Madarunfa ba

Da yamma in ka bi titunan unguwar Zariya a birnin Maraɗi, ƙamshin soyayyen kifi ne ke fara tarbar ka. Mai saye da harshen Faransanci zai ce a ba shi "karp", mai suya kuma ta miƙo masa karfasa. Sai dai karfasa 'yar gida ce a ruwayen Afirka. Ainihin kifin da ake kira kaf a duniya daban ne, asalinsa Asiya da gabashin Turai, kuma yana cikin jerin baƙin halittu 100 mafi ɓarna da ƙungiyar kare muhalli ta IUCN ta fitar.

Bambancin na da muhimmanci yanzu da kiwon kifi ke jan hankalin matasa, har 'yan ci-rani ke aiko kuɗi a gina musu kududdufi a gida.

Yadda yake ɓarna

Kaf a ƙasan ruwa yake kiwo. Yana tonon laka da baki, ya tuge ciyayi, ya dagula ruwa har hasken rana ya kasa ratsawa. Karfasa kuwa a ƙasan ruwa marar zurfi take haƙa gurbin hayayyafa, don haka gidanta ne ke fara rushewa. Babbar macen kaf guda tana iya zuba ƙwai fiye da miliyan ɗaya. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, amma wannan in ya sauka ba ya tashi.

A Kenya, kaf ya kuɓuce daga gonar kifi ya faɗa tafkin Naibasha wajen 1999. Cikin kusan shekara 10 ya zama shi ne mafi yawan abin da masunta ke kamawa. A Amurka, masu kiwon kifi a jihar Akansas sun shigo da wasu nau'o'insa a shekarun 1970, ambaliya ta kwashe su zuwa kogin Misisipi. Tun 2002 ake amfani da shingen lantarki a mashigin ruwan Cikago don tare su daga manyan tafkunan ƙasar, a 2022 kuma jihar Ilinoi ta sake masa suna zuwa Copi ko jama'a za su yarda su ci. A Ostireliya, gwamnati ta ware dala miliyan 15 na ƙasar a 2016 don nazarin kashe shi da ƙwayar cuta.

Me ya haɗa shi da Maraɗi?

Kifin ba shi da nisa da mu. Tun shekarun 1950 aka kawo shi gonar kifi ta Panyam a jihar Filato ta Najeriya. Ruwa kuma bai san iyaka ba: Gulbin Maraɗi daga Najeriya yake fitowa, ya bi ta madatsar Jibiya, ya ratsa Madarunfa, Jiratawa, Maraɗi da Tibiri, sannan ya koma Najeriya ya haɗu da kogin Rima. Abin da ya faɗa masa a wuri ɗaya, rabon kowa ne.

Tafkin Madarunfa, wanda ya shiga jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar a 2019, shi ke riƙe da masunta, mata masu suya da banda, da makiyaya. Ga tsuntsaye masu ƙaura, ga kaburburan waliyyai da ake ziyarta a gefensa. Tafki ne marar zurfi, irin wanda kaf ya fi saurin dagulawa. Ambaliyar 2024, wadda Maraɗi na cikin jihohin Nijar da ta fi yi wa ɓarna, ta nuna yadda kududdufi da gulbi ke zama ruwa ɗaya cikin dare.

Wanda ke shakka ya dubi dausayin Haɗeja da Nguru, inda ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye gonaki da wuraren su, aka shafe shekaru ana yanka tana tsirowa.

Abin yi

Fitar da kaf bayan ya zauna sai mai dogon numfashi. A tsibirin Tasmaniya an gano shi a tafkin Kiresent a 1995, aka rufe tafkin, aka kafa raga a mafitarsa, aka maƙala wa wasu kifayen na'urar bin sawu don su tona inda sauran ke taruwa. Sai da aka haura shekara 10 kafin a ga bayansa a wannan tafki ɗaya.

Tun ran gini ake zane. Mai shirin kiwo ya tsaya kan tarwaɗa da karfasa, ya tambayi ma'aikatan ruwa da gandun daji kafin ya sayi 'ya'yan kifi, ya gina kududdufinsa nesa da fadamar da gulbi ke cikawa, ya sa raga a magudana. Wanda ke aiko kuɗi daga Aljeriya, Libiya ko Faransa kuma, kafin ya tambayi ribar, ya fara tambayar wane kifi za a zuba, kuma daga ina aka kawo shi.