Ƙananan namun daji da ke zagaye masaukin baƙi a gandun W

Wanda ya je gandun dajin W, kamar kilomita 150 kudu da Yamai, giwa da zaki da ɓauna yake zuwa nema. Gandun ya samu sunansa ne daga yadda kogin Kwara ya lanƙwashe a wurin kamar harafin W, kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan gādon duniya a 1996. Amma sai mutum ya yini cikin mota bai ga ko sawun zaki ba. Waɗanda ba sa saɓa alkawari su ne ƙananan da ke zagaye masauki a Tapoa, kuma ni a matsayina na malamin makaranta su suka fi ɗaukar min hankali.

Da hantsi kurege ne mai wurin. Ya miƙe kan ƙafafun baya, ya leƙa, ya sure abin da ya faɗi ya faɗa rami. Manomin gyaɗa ba ya son ganinsa, amma irin da yake binnewa ya manta wani lokaci shi ke tsirowa. Bayan isha'i sai masu aikin dare su karɓa. Bushiya tana bin gindin katanga tana cin ƙwari, har kunama. Tunku yana rage ɓeraye da ƙananan macizai. Beguwa kuwa, maganar da yara ke yi cewa tana harba ƙaya kamar kibiya ba haka ba ne: da baya take afka wa abokin gaba, ƙayar ta cire ta maƙale masa.

Gafiya ce aka fi rainawa. To amma a Morogoro ta Tanzaniya, ƙungiyar APOPO tana horar da 'yar uwarta ta shinshino nakiyoyin da aka binne, da cutar tarin fuka cikin majinar marasa lafiya. Ba ta da nauyin da zai tada nakiya. Ɗaya daga cikinsu, Magawa, har lambar zinariya ya samu a 2020 kan aikinsa a Kambodiya. Mu nan saboda gafiya guda sai a cinna wa daji wuta.

Abin da ke jawo su masauki sananne ne: ruwa a tsakiyar rani, da ragowar abinci. Baƙo ya miƙa wa dabba burodi don ya ɗauki hoto, ita kuma ta daina tsoron mutum, gobe ta ciji wani, a ce a kashe ta. Ga kuma haɗarin ciwon haukan kare.

Yanzu rashin tsaro ya hana kai 'yan makaranta yankin. A ajina kowa ya san wayon kurege a tatsuniya, amma da na nuna hotonsa da na tunku, yawancinsu ɓera suka ce min, duka biyun. Alhali bushiya na nan bayan katangar makarantarmu duk damina.