Shuɗi Biyu, Bango Ɗaya

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙon ɗan fili domin in yi magana da malamai da akawuna na ƙasar Karaye da Rogo a kan wani abu da ya kan cinye kuɗin magidanci a banza, watau zaɓen launin fenti.

Mutum ya kan je kanti a ajiye masa gwangwani biyu, duka shuɗi. Ɗaya ruwan bula ne, mai haske, ɗaya kuwa ruwan baba, mai ɗan duhu. A inuwar kanti sai ka ce Hasan da Husaini. Ya ɗauki ɗaya, a shafe zaure da ɗaki, sai ya bushe sa'an nan ya ga ba shi ya nufa ba. Ga kuɗin fenti ya tafi, ga ladan mai shafe. Kama da wane ba ta wane.

Maganin wannan yana wurin kakanninmu. A ƙarni na 19 garuruwan wannan yanki, irin su Zarewa, sun yi suna wajen rini. Barth, Bajamushen nan da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa ana kai rinannun tufafin ƙasar Kano har Tambutu da Tarabulus. Ba da ka marina suka sami wannan suna ba. Zane ya kan fito daga karofi yana kore-kore, sai ya sha iska ya ke komawa shuɗi. Saboda haka marini ba ya yanke hukunci a kan jiƙaƙƙen zane. Sai ya shanya ya duba, in da saura ya sake tsomawa.

Fenti ma haka ya ke, launinsa cikin gwangwani dabam, a bango dabam. To, ga shawara. A sayi ƙaramin gwangwani na kowanne, a shafa kamu biyu-biyu a bangon da za a yi wa aiki, shafi biyu, a bar su su bushe. A duba su da hantsi, da tsakar rana, da la'asar sakaliya, da kuma dare a hasken fitila. In filastar sabuwa ce, a yi haƙuri kamar mako huɗu, gama ɗanyen siminti ya kan ci launi.

Kowannensu da amfaninsa da aibinsa. Mai duhu ya fi shan zafin rana da bazara, ya kan rage hasken ɗaki mai ƙaramar taga, ƙurar hunturu kuma ta kan fito a kansa sarai. Mai haske ya kan buɗe ɗaki, amma ba ya rufa asirin hannun yara, ko taɓon da ruwan damina ke fantsamawa gindin bango. Don haka wanda ya rasa na zaɓe, ya sa mai duhu daga ƙasa zuwa ƙugu, mai haske daga nan zuwa sama.

In an tsai da shawara, a sayi abin da zai isa gaba ɗaya, a juye a mazubi guda a gauraya, domin gwangwanin da aka ƙaro daga baya ba lalle ya dace da na fari ba. Sauri ya kan haifi nawa.